Ƙarar Gaban Kitika

Na daɗe ina auren direba kafin in taɓa mota da hannuna. Motar kuwa kullum a ƙofar gidanmu take kwana, katanga ɗaya ce tsakanina da ita.

Zamanin Turawa ne, tun motocin Sakkwato ana iya lissafa su da yatsu. Maigidana, Allah Ya jiƙansa, yana tuƙa wa wani kamfanin Turawa masu sayen fata da ƙirgi. Motar irin ƙaramar nan ce mai buɗaɗɗen baya da muke ce wa kitika. Jikokina a-kori-kura suke kiran irinta. Da ita yake bin kasuwannin ƙauye ya kwaso jar fatar akuya ya kawo sito. Idan zai dawo ba fata kaɗai ke bisa ba. Akwai 'yan kasuwa, akwai mai kawo mara lafiya birni, akwai tsohuwar da ƙafa ta gaza, duk a kan fatun suke zama suna riƙe da igiya. Baturen kamfanin ya sani, yana kau da kai.

Gidanmu yana wajen Ƙofar Atiku, cikin wani lungu mai ɗan gangare, da kwata a bakinsa. Kwatar ba ta da zurfi, amma dole mota ta faɗa cikinta ta fito, shiga da fita. Ni ina kulle kamar sauran matan unguwa. An kai ni makarantar 'yan mata ina ƙarama, na kuma daɗe a can fiye da tsarana, har na iya karatu da lissafi da ɗinki. Ranar da aka kawo ni gidan miji sai zaure ya zama iyakata, ban kuwa ɗauki wannan abin kuka ba. Saboda makarantar nan maigida yake kirana Malama. Da tsokana ya fara, har ya bi bakinsa. Mu uku ne a gidan sai goyona: ni da shi da mahaifiyarsa, Inna.

Duk abin da na sani na kitika, ta kunne na san shi. Tun tana nesa nakan rabe kukanta da na sauran, in tashi in ɗora ruwan wanka. Daga yadda ta faɗa kwata nakan gane ko kasuwa ta yi kyau, don mai nauyi a hankali take sauka tana nishi, marar kaya kuwa tsalle take yi kamar ɗan akuya.

Shi ya koya mini. Mutum ne mai son hira a kan tabarma, yana cin tuwo yana ba da labarin hanya, kuma da ya ga ina saurare sai ya mai da ni ɗalibarsa. Tunda ban san ƙarafan ba, sai ya riƙa sa wa kowace ƙara suna daga kayan gidana.

"Malama," in ji shi, "in kin ji kacau-kacau awa murhin kwano bisa tukunya mai tahwasa, wannan surutu na. Gwangwani yas saki, ba shi kashe kowa. In kin ji ƙiii awa ƙyauren Inna, sifirin na, ƙarhen da mota ka rausayawa bisanai, shi ka kukan mai."

Inna ta amsa daga ɗakinta: "Ƙyaurena ya ishe ka misali, amma bai ishe ka sa mai ba."

Ya yi dariya har ya ƙware. Da ya sha ruwa sai ya ci gaba, ba dariya kuma. "Amma in kin ji dum, guda ɗai, awa an saki taɓarya cikin turmin da babu hatsi, wannan ba a tahiya da shi. Ƙarhe na ka bugun ƙarhe inda bai kamata su gamu ba."

Yakan ce kafin mutum ya ɗauki sifana, ya fara tambayar ƙarar: yaushe take zuwa, a ina, kuma me direba ke yi lokacin da ta zo. Yana juya sitiyari ne, yana taka birki ne, ko rami ya faɗa? Mai gaggawa, in ji shi, sai ya kwance rabin mota bai taɓa wurin ciwon ba. An san shi da kunne a garin nan. 'Yan uwansa direbobi kan zo su ɗauke shi, su bi hanyar Kalambaina mai gargada, tun ba a yi zancen siminti a can ba. Ya zauna gefe ya rufe ido, kafin su juyo ya gaya musu inda za su duba. Bai taɓa yi mini alfahari da komai ba sai wannan.

Wata damina zazzaɓi ya kwantar da shi, mai tsanani, har muka fara cire rai. Baturen ya aiko da farin maganin nan mai ɗaci, ya sha shi da yawa. Yana kwance yakan ce kunnuwansa suna kuka kamar an zuba masa gyare a ciki. Allah Ya tashi kafaɗunsa, ya koma aiki. Daga baya wasu suka ce maganin ne, wasu suka ce zazzaɓin ne. Allah ne Masani.

Da kaɗan-kaɗan na fara lura. Sai a yi sallama a zaure har sau nawa, yana zaune a tsakar gida bai motsa ba, sai na ce masa ana sallama. Muryarsa ta ƙaru, shi da yake magana a hankali. Yaro ya yi ta kuka a gefensa, bai waiwaya ba sai ya ga na tashi. Abin da ya fi taɓa ni shi ne asuba. Tun da aka kawo ni, shi ke tashina. Ladan yana buɗe baki yake miƙewa. Yanzu sai a gama kira yana barci, in taɓa ƙafarsa, ya tashi yana cewa gajiya ce.

Wata rana muna tsince shinkafa da Inna, na yi ƙarfin hali na ce, "Inna, ko kin lura da kunnen..."

"Ruhe bakinki." Ba ta ɗago daga faifai ba. "Ni nih haihe shi, na riga ki gani. Kak ki sa ma abin ga suna. In anka kira shi, zamnawa shika yi."

Na koma kan tsintar shinkafa.

"Kuma maganar da tah hita ɗaki ta kai zaure, wadda tak kai zaure ta kai sito. Kin taɓa jin Bature ya bar ma..." Sai ta tsaya, ta ƙi ƙarasawa. "Mu dai yi ta roƙo."

Muka yi ta roƙo. Inna ta karɓo rubutu, ta riƙa ɗiga masa man shanu mai ɗumi a kunne, tana ce masa na ragowar zazzaɓi ne. Ni kuma na koyi ɗaga murya ba tare da ta zama tsawa ba, na koyi tsayawa ta damarsa, don na ga can ya fi ji. Kalmar nan babu wanda ya furta ta a gidanmu. Mun tsare ta kamar yadda ake tsare garwashi daga bakin zana.

Da ruwa ya ɗauke, hanyoyi sun lalace, duk ramuka da zaizaya. A lokacin ne na fara jin wata ƙara. Ya tada mota da safe, ta gangara, ta faɗa kwata: kacau-kacau, sannan a ƙarƙashin wannan, dum. Ina riƙe da tsintsiya na tsaya. Da marece na kasa kunne, ya shigo, babu. Na ce wa raina ƙila kunnena ne. Washegari da safe ta sake.

Na gaya masa. Ya ji daɗi ma, ya ce ɗalibarsa ta fara kama malaminta. Ya fita da sifana, ya dawo yana nuna mini wani noti da ya samu ya saki a jikin madigadi, wato rufin taya. Da safe kacau-kacau ta tafi. Dum tana nan, yanzu ma ita kaɗai, babu abin da ke rufe ta.

Na bari aka kwana biyu na sake faɗa.

"Na duba, Malama. Na ɗaga ta, na girgiza tayu. Babu komi."

Ƙarar ta ci gaba da nauyi. Da can sai na tsaya nake jin ta, yanzu ko ina daka tana iso ni. Da na faɗa karo na gaba, sai ya aje lomar da ke hannunsa.

"Ni ka cikin motar ga ko ke? Ni da nika zamne bisa ƙarhen ban ji ba, ke ta bayan katanga kin ji?"

Bai taɓa yi mini magana haka ba. Ya wanke hannu ya fita zaure, tuwon ya huce a wurin. Ban yi fushi ba. Tsoro na gani a idonsa, irin na wanda aka kusa taɓa masa gyambo. Na gane cewa duk lokacin da na ce akwai ƙara, abin da yake ji shi ne: ba ka ji. Babu yadda zan faɗi ɗaya ban faɗi ɗayan ba.

Ga shi kuma babbar kasuwar kaka ta matso, wadda yake zuwa can nesa, hanyarta duwatsu, da wani dogon gangare da ke sauka gulbi. Shi da bakinsa ya sha gaya mini cewa a gangaren nan ƙafarsa ba ta barin birki. Na rasa abin yi sai salla. Ina roƙon Allah Ya tsare shi, ina roƙon Ya rufa masa asiri, sai na ga kamar roƙon biyu suna ja da juna, na ce Ya Rabbi, Kai Ka san yadda za Ka haɗa su.

Ana saura kwana kaɗan, da safe, ina shara Inna tana zaune a bakin ɗakinta da carbi. Mota ta gangara. Dum. Na ga yatsun Inna sun tsaya a kan carbin. Ba ta dube ni ba. Muka ji kukan injin ya yi nisa har ya ɓace.

Can ta ce, "Ranar kasuwar ga, mutane na hawa da yawa?"

"Ya ce wani lokaci ba a ganin fatun don mutane."

"Da mata?"

"Da mata, Inna. Da goyo."

Ta ci gaba da jan carbinta. Da marece maigida ya dawo. Ya durƙusa gaishe ta, ta ɗaga murya yadda ta koya ita ma.

"Kai, motar ga taka ban taɓa ganinta ba. Na tsuhwa. Kahin ka tai kasuwar ga ina son in tohwa mata addu'a da bakina. Ka kawo hancinta ga zaure, a kakkahe zana, mu hito ni da yarinyar ga."

"Inna, mota ai ba doki ta ba."

"Na tambaye ka ko doki ta?"

Washegari bayan sallar asuba, gari ya fara haske, ya turo kitika har hancinta ya kusa shiga zaure. Ya aro zana wajen maƙwabta ya kewaye ta, ya kori yaran da suka fara taruwa. Na lulluɓa, goyona a baya yana barci, na bi Inna.

Ta fi yadda nake zato ƙanƙanta. A kunnena babbar aba ce mai cika lungu, sai ga ta 'yar tsamurarriya, koriya, fentin ya koɗe, tana warin fata da fetur. Fitilunta kamar idanun saniya. Na sa tafin hannuna a kan ƙarfen, da sanyin raɓa. Ban san dalili ba sai na ji tausayinta.

Inna ta zagaya ta a hankali tana karatu tana tofawa, har kan tayu. Da ta shafa sai ta ce, kamar abin ya faɗo mata yanzu, "To, tunda ga mu, gwada ma yarinyar ga wurin ƙarar tata, hankalinta shi kwanta mu huta."

Ya dubi Inna, ya dube ni. Ya gane. Amma uwa ta faɗa. Ya jawo jak ya ɗaga gaban motar.

Da ya fara aiki sai fushin ya bar fuskarsa, don ba ya iya taɓa ƙarfe da wasa. Ya kama taya sama da ƙasa ya girgiza, ya ce in sa hannuna. Na ji ɗan motsi, da ƙara 'yar ƙarama, ƙyas-ƙyas.

"Ƙusar da taya ka juyawa bisanta ta. Ta ɗan ci, na san da ita tun bara. Ita ta?"

"A'a. Wagga ƙarama ta."

Ya kama tayar hagu da dama ya girgiza, yana duban sandar da ke haɗa tayu da sitiyari. Babu motsi. Ya yi wa ɗaya tayar haka. Ya sauke motar, ya hau ƙarfen gaba da ƙafafunsa yana dannawa yana saki, ta riƙa rausaya tana ƙiii, ƙiii.

"Ga ƙyaurena nan," in ji Inna.

Na girgiza masa kai. Ba ita ba ce.

Ya sauko ya tsaya yana share hannu. Na ga yana kokawa da kansa. Sannan ya matso, ya juyo mini kunnen dama, ya yi mini tambayar da yake yi wa direbobi.

"Yaushe taka zuwa?"

"Da sahe, in za ka hita. Da marece ba ta yi."

"Ko sau ɗai?"

"Ko sau ɗai."

"Ta wane gehe?"

"Hagu nika jin ta."

"Ɗakinki na hagu, Malama. Ko jaki yaw wuce, hagu za ki ji shi." Ya ɗan murmusa, murmushin bai daɗe ba. Ya juya yana duban lungun ta saman zana. Ya fara magana shi kaɗai, da ƙarfi, don ya daina sanin ƙarfin muryarsa. "Da sahe gangarawa nika yi. Ina taka birki, sannan ta hwaɗa kwata. Da marece hawowa nika yi, ba birki." Ya juyo ya dubi motar. "Birki da rami tare. Ba taya ba ta ke nan."

Ya tsuguna ya nuna mini. Daga gatarin gaba, wato ƙarfen da ke ɗauke da tayu biyu, akwai hannuwa biyu na ƙarfe da suka miƙa baya suka haɗu a ƙarƙashin cikin motar. Inda suka haɗu akwai dunƙulen ƙarfe kamar goriba, zaune cikin wani ƙoƙo mai murfi. Shi ke riƙe gatarin kada ya ja baya idan an taka birki. Ya ce can ciki ne, ba ya motsi don an girgiza taya, shi ya sa bai gan shi ba.

Ya shimfiɗa buhu, ya ɗauki dogon ƙarfen da yake cire taya da shi, ya kwanta ya shige. Ƙafafunsa kaɗai muke gani. Muka ji yana laluben wurin da zai kafa ƙarfen. Sannan ya danna.

Dum.

A kusa haka, ba katanga, ƙarar ta shiga har haƙorana. Kazar da ke kiwo a zaure ta tashi firgigit. Yaron da ke bayana ya zabura ya fasa kuka.

Ya sake dannawa. Dum. Ya sake. Ya sake, ya fi na farko ƙarfi. Na ga ƙafarsa tana tokare ƙasa. Daga nan sai ya daina dannawa, bai kuma fito ba. Daga baya ya gaya mini cewa ya ga dunƙulen yana tsalle cikin ƙoƙon da idonsa, ya ji bugun ya bi ƙarfen ya hau hannunsa har kafaɗa, kansa bai kai kamu ɗaya da wurin ba, amma kunnensa kamar ana buga wani abu a ƙarƙashin ruwa a wata unguwa.

Muryarsa ta fito daga ƙarƙashin motar. "Malama. Shina ƙara?"

Na durƙusa na ce, "Shina yi."

"Da ƙarhi?"

Kafin in amsa, Inna ce ta sunkuya, da tsufanta, ta dafa madigadi.

"Hab barcin ɗanka ya katse," ta ce.

Ya fito a hankali. Bai miƙe ba, ya zauna a ƙasa ya jingina da taya, hannuwansa baƙi ƙirin a kan gwiwa. A tafinsa akwai guntuwar waya mai tsatsa. Wayar da ke ɗaure notunan murfin ce ta tsinke. Noti ɗaya ya faɗi a wata hanya, Allah kaɗai Ya san inda, ɗayan kuma saura kaɗan ya bi shi. Ya ce da ya bi shi a gangaren gulbi, gatarin zai naɗe a ƙarƙashin mota ne, sitiyari ya zama banza a hannunsa. Ya faɗi haka a taƙaice, kamar labarin motar wani.

Sannan ya ce, "Tun yaushe kunka sani?"

"Tun damana," in ji Inna.

Ya gyaɗa kai. "Ni ina ta cewa ladanmu ya tsuhwa, muryatai ta mutu. Har na so in yi ma liman magana." Ya yi wata 'yar dariya marar sauti. "Ashe ni na. Na kurumce ke nan."

"A'uzu billahi! Kak ka kira..."

"Inna, an kira ba a kira ba, ya zo ya zamna."

Inna ta ja mayafinta ta rufe baki. Ni kuwa hawaye kawai, ina jijjiga yaro.

Bai daɗe a zaune ba. Ya ce mu shiga, rana ta fito, mutane za su fara wucewa. Muna ciki muna jin sa har hantsi. Ya samo noti cikin gwangwanin tarkacensa, ya cika ƙoƙon da giris, ya ɗaure, ya zura sabuwar waya ya murɗe. Ya leƙo ya ce zai gangara ya taka birki a kwata kamar kullum, in saurara, Inna kuma ta tsaya a bakin zaure: in babu ƙara ta ɗaga masa hannu. Na tsaya jikin katanga na rufe ido yadda yake yi. Ta gangara, birki ya kama, ta faɗa ta fito lafiya lau, sai ɗan kukan sifirin. Na ce wa Inna babu. Ta ɗaga hannu.

Na yi hamdala. A raina an gama ke nan: an gano ciwo, an gyara, zai tafi kasuwarsa, asirinmu a rufe. Na ɗora girki da sauƙin zuciya, har ina yi wa yaro wasa.

Kafin azahar muka ji tafiyar ƙafa a zaure. Shi ne, a ƙasa, da rigar aikinsa a naɗe a hammata. Bai taɓa dawowa a wannan lokaci ba, bai kuma taɓa dawowa ba mota ba.

Ya zauna a inuwar ɗakin Inna. Ya ce ya kai mota sito, ya shiga wurin Baturen, ya gaya masa da bakinsa.

Inna ta ce, "Wa yas sa ka? Ba an gyara ba?"

Sai da ta maimaita ya ji.

"Wagga an ji ta don a ƙohwar gida taka yi, Inna. Wadda za ta yi cikin daji hwa? Wa ka jiye min? Jiya ma wani mai raƙumi ya ce ya yi ta min ihu ban waiwaya ba, ina cewa ƙarya shikai. Ba ni ɗaukar 'ya'yan mutane bisa kunnen da babu."

"To mi Baturen yac ce?"

"Ya yi magana mai tsawo. Rabi ban ji ba." Ya shafa gemu. "Abin da nij ji, za a ba wani motar. Ni in koma cikin sito wajen ware hwata. Aikin ido da hannu na, in ji shi."

Aikin da ya yi ke nan har ƙarfinsa ya ƙare, yana jin fata da yatsa yana raba mai kyau da mai tabo. Bai sake riƙe sitiyari ba. Kunnen dama ma bai daɗe ba ya bi na hagu. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba, sai dai in mota ta wuce ya ji ƙasa ta girgiza, yakan bi ta da ido har ta sha kwana.

Amma a ranar ba mu san duk wannan ba. Abin da muka sani shi ne ga shi zaune tsakar rana, mutumin da garin nan ya sani da kunne, yana duban hannuwansa. Inna ta juya fuska ga bango tana share ido da bakin zane.

Na ɗebo ruwa a kwano na kawo masa. Na durƙusa, kaina a sunkuye, na ce sannu da zuwa. Haka aka tarbiyyantar da mu: mace ba ta kafa wa mijinta ido, balle a gaban uwarsa. Tun da aka kawo ni gidan, da ƙasa nake magana idan ina gabansa.

Bai amsa ba. Bai kuma karɓi ruwan ba.

"Malama," ya ce, "na ga kanki na motsi, na san magana kika yi. Amma tabarma kika yi ma ita." Ya sa yatsa ya taɓa bakin kwanon. "Daga yau in za ki yi min magana, ɗaga huskarki ki dube ni, in ga bakinki."

Kunya ta rufe ni. Na saci kallon Inna. Ta dafa ƙasa ta miƙe, ta ɗauki carbinta da butarta.

"Ni alwala za ni," ta ce. "Ban ga komi ba."

Ta zagaya bayan ɗaki, ta daɗe fiye da yadda alwala ke ɗauka.

Na ɗaga kaina. Akwai furfura a gefen gemunsa da ban san da ita ba, da wani tsohon tabo a girarsa ta hagu, da ragowar baƙin mai a goshinsa inda ya share zufa. Idanunsa ba a kan nawa suke ba, a kan leɓuna suke, yana jira.

Na ce, "Sannu da zuwa, Maigida."

Ya bi bakina da ido har na rufe shi.

"Yawwa," ya ce. "Na kama rabi. Sake hwaɗi, a hankali."